Ƙafar Hagu: Yadda Jini Ya Daskare wa Wata Ma'aikaciyar Jirgi 'Yar Damagaram

Ɗiyar ƙanena ce. Shekararta 30, bakwai daga ciki ta yi su tana kula da fasinjoji a cikin jirgin sama, aikin da a nan muke ce wa mai yin sa otes. Ta yarda in rubuta wannan bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na kamfanin da take wa aiki. Ni gwaggonta ce, na yi shekara 31 ina aikin jinya kafin in ajiye, shi ya sa duk wanda jikinsa ya motsa a gidanmu na Birni, ni ake fara aiko wa yaro.

Ta iso Damagaram kamar wata ɗaya bayan Babbar Sallah, damina ta fara zama. Motar Yamai ta shigo bayan isha'i, ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gida, ta shigo tana jan akwati tana ɗan ɗingishi. Uwarta ta tambaya, ta ce gajiyar hanya ce. Kowa ya yarda, don wanda ya taɓa shiga motar nan tun asuba, ya bi Dosso, Dogon Dutse, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, kilomita wajen 900, ya san ba a sauka da ƙafa garau.

Washegari da hantsi aka aiko in zo. Na tarar da ita a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafar hagu a miƙe, tsohuwarmu ta ɗumama man kaɗanya tana murza mata sharaɓa iya ƙarfinta. An riga an aika wa wanzami ya zo da ƙaho bayan la'asar, a cire mataccen jini.

"Iya, don Allah ɗaga hannunki," na ce.

"Ke kuma, tausa ce fa. Tun ba a haife ki ba nake yin ta."

"Na sani, Iya. Wannan ƙafar ce ba ta son tausa."

Na aro abin awo wajen telan ƙofar gida, na auna sharaɓa biyun a wuri ɗaya, ɗan ƙasa da gwiwa. Ta hagu ta fi ta dama da santimita 4. Fatar ta yi sheƙi, da ɗumi, in na danna sai ta cije leɓe. Ba ƙurji, ba cizon komai, ba ta kuma faɗi ba. Kumburin gajiya ƙafa biyu yake kamawa, ya sauka in mutum ya kwana. Na ƙafa ɗaya da ya kwana bai sauka ba, bayan doguwar tafiya, an koya mana mu ɗauka jini ne ya daskare a jijiyar ciki har sai na'ura ta ce ba haka ba ne. Na tambaye ta ko tana jin suka a ƙirji, ko numfashi na yi mata wuya, ko ta yi tari da jini. Ta ce a'a. Na ce, "Ɗiyata, akwai wani maganin da kike sha?" Ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa. Ban sake tambaya ba sai da muka shiga mota mu biyu.

Abin da ya sa na hana tausa shi ne, gudan jinin da ya maƙale a jijiyar ƙafa yana iya ɓallewa ya haura, ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Shi ke kayar da mutum yana tsaye a ce lafiyarsa ƙalau ya faɗi. Na ga irinsa a ɗakin masu jego, ba sau ɗaya ba, kuma har yau ina tuna fuskokin.

A asibiti aka yi mata eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, irin mai duba gudun jini. Likita ya danna jijiyar bayan gwiwa da kan na'urar, ta ƙi lotsawa, alamar akwai abin da ya cika ta. A ranar aka fara yi mata allurar tsinka jini a fatar ciki, safe da dare, daga baya aka haɗa da ƙwaya, aka ce za ta sha aƙalla wata 3, ana auna jininta a kai a kai. An duba ko tana da sikila, domin ƙarancin iska a sama yana tayar wa masu ita ciwo, aka ga ba ta da ita.

Makonnin da suka gabata

Bayan hankali ya kwanta, na ce ta buɗe mini jadawalin aikinta a waya. Muka zauna da littafi da biro muna komawa baya rana bayan rana, kamar masu bin sawun ɓarawo.

Aikinta na yau da kullum tsakanin biranen Afirka ta Yamma ne, tafiyar awa ɗaya zuwa uku, sau uku ko huɗu a yini. Amma da yake tana jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci da ɗan Larabci, duk shekara ana ɗaukar ta jigilar alhazai. Daga yankinmu zuwa Jidda ko Madina tafiyar kilomita wajen 4,000 ce, awa 5 zuwa 6. A makonni uku na dawo da alhazai, yawancin tashinsu cikin dare ne. Su tafi da jirgi kusan fanko, su jira a filin Jidda har a gama tantance kaya, wani lokaci jiran ya fi tafiyar tsawo, su dawo da tsofaffi ɗaruruwa, gajiyayyu, rabinsu suna tari. Ta ce akwai daren da ba ta zauna ba sai lokacin tashi da lokacin sauka.

Na tambaye ta ruwa nawa take sha a irin wannan tafiya. Ta yi shiru tana lissafi, ta ce ƙaramar gora ɗaya, wani lokaci ko ita ba ta shanyewa, sai kofi da shayi. Ta ce, "Gwaggo, banɗakin jirgin alhazai layi ne tun daga tashi har sauka. In na sha ruwa, ina zan je?" Wannan amsa ta tsaya mini a rai, don iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. Danshinta bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Ɗan Damagaram ya san irin wannan iska, ita ce ta tsakiyar hunturu, wadda ke fasa leɓe da dunduniya, ta busar da wanki kafin a gama shanya. To ita a cikin wannan hunturun take aiki shekara duka, tana tura keken abinci, tana magana ba tsayawa, ba ta kuma shan ruwa.

Ga kuma batun iskar shaƙa. Jirgi yana tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, inda mutum ba zai rayu a fili ba. Ana cusa iska a cikinsa, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Abin da ake samu ya yi daidai da zama a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya yana jurewa, sai dai oksijin ɗin jininsa yana ɗan sauka, zuciya ta ƙara bugu. Fasinja yana zaune, ita kuwa tana ɗaga jakunkunan tsofaffi zuwa sama da kai.

Sai maganin da ta ɓoye. Wata biyu kafin jigila ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, irin mai sinadarin estrojin, ba tare da hutu ba, don ta tsayar da al'ada. Ba likita ya rubuta mata ba, wata abokiyar aiki ce ta ba ta suna ta saya a farmasi. Dalilanta biyu ne, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba. Al'adarta ta rikice, tana zuwa ba shiri da jini mai yawa, ga rigar aiki mai kama jiki, ga rashin banɗaki. Sannan tana son in an kwana a Jidda ta samu ta shiga Makka ta yi ɗawafi. Mata da yawa masu zuwa Hajji suna yin haka. Abin da ba a gaya mata ba shi ne irin wannan ƙwaya tana ninka yiwuwar daskarewar jini kamar sau 3, kuma haɗarin ya fi yawa a watannin farko na sha.

Ƙarshen labarin shi ne tafiyar gida. Da aka gama jigila, aka mayar da su a matsayin fasinjoji. Ta zauna jikin taga, ta naɗe ƙafa, ta yi barci awa 5 ba motsi, barcin wanda ya yi mako uku yana bin bashi. Ta kwana ɗaya a Yamai wajen mijinta. Da asuba ta shiga mota, aka cika gaban kujerarta da kaya, ta yi awa 14 gwiwa a lanƙwashe, tana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse ta a hanya. Tun daga Ƙonni ta fara jin sharaɓar tana ɗaurewa.

Rabon wa da wa

Ƙanena ya tambaye ni kai tsaye, "Yaya, aikin nan ne ya jawo mata?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu, don ban so in yi wa aikin ƙazafi, ban kuma so in wanke shi.

Ana danganta wa wani likita Bajamushe na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, bayanin cewa abu uku ke sa jini ya daskare a jijiya: ko ya daina gudu, ko ya yi saurin kamawa, ko bangon jijiyar ya samu rauni. Jinin ƙafa ba ya haurawa da kansa. Naman sharaɓa ne ke matsa shi sama duk lokacin da mutum ya taka, shi ya sa zama wuri ɗaya ke kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincike a 2007 cewa tafiyar awa 4 ko fiye a zaune tana ninka haɗarin sau 2, ko a jirgi ko a mota ko a jirgin ƙasa, kodayake a cikin masu irin wannan tafiya kusan mutum 1 cikin 6,000 ne abin ke samu. Wato ba kasafai ba ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In an bi wannan, sa'o'in da take aiki a tsaye tana kai da komo su ne mafi ƙarancin laifi, don mai tafiya sharaɓarsa na aiki. Zaman da ya kwantar da jinin, awa 5 a jirgi ne, awa 14 a motar Yamai. Abin da ya sa jinin saurin kamawa, ƙwaya ce. Mai son wanke aikin yana iya tsayawa nan. Ni ban tsaya ba, don na tambayi kaina me ya kai ta ga ƙwayar, me ya hana ta ruwa, me ya sa mace mai ƙarfi ta yi barcin da ko juyi babu. Duk amsoshin cikin jirgi suke komawa. Abin da na gaya wa ƙanena ke nan: motar ce ta ƙarasa, ƙwayar ce ta buɗe ƙofa, amma aikin ne ya kai ta bakin ƙofar a gajiye.

Akwai kuma namu rabon, mu 'yan gida, wanda ba ya da daɗin faɗa. Da albashinta aka sake rufin gidan, da shi ƙannenta biyu ke karatu a jami'a. Kaso mai tsoka na kuɗinta kuwa a kan sa'o'in da ta yi a sama ake lissafa shi. Ranar da ta ce ba ta da lafiya, ranar ta fita daga lissafi. Yarinyar da ta san mutum goma na jiran ƙarshen wata ba za ta je wajen likitan kamfani ta ce al'adarta ta rikice ba. Za ta tambayi ƙawa, ta shiga farmasi. Shekara bakwai uwarta tana sadakar ƙosai duk ranar da ta ji za su tashi, tana roƙon Allah kada jirgi ya faɗo. Ba wanda ya taɓa tambayar ta awa nawa ta yi barci, har da ni da na yi aikin dare shekaru, na san abin da yake wa jiki.

Abin da ya fito bayan ƙafar

Jinyar wata uku a gida ɗaya tana kwance bakin mutum. Da daddare in mun zauna a tsakar gida, sauran abubuwan suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Barci ne babba. Ta ce ta manta rabon da ta kwanta lokaci ɗaya kwana uku a jere. Mutane suna ɗauka bambancin agogo ne ke wahalar da ma'aikatan jirgi, amma tsakanin Nijar da Saudiyya awa 2 ne kawai, sauran biranen da take zuwa kuwa bai wuce awa ɗaya ba. Nata ciwon shi ne tashi ƙarfe 2 na dare yau, gobe kwanciya ƙarfe 9 na safe, jibi aikin yamma. Jiki yana da agogonsa, duhu ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai kawo barci, kuma wannan agogon yana da hannu a zuwan al'ada, da cin abinci, da hawan jini. A makon farko a gida, in gari ya yi tsit ita idonta biyu, sai an kira asuba barci ya ɗauke ta. Sai da aka yi wata guda da rabi kafin ta fara hamma bayan isha'i kamar kowa, kuma a wata na uku al'adarta ta zo a kan lokaci ba tare da wani magani ba.

Daga nan ta gaya mini abin da ko uwarta ba ta sani ba. Shekara guda kafin wannan ciwo ta yi ɓari, cikin mako 9, a ɗakin otal a wani gari, ita kaɗai. Ba ta sanar da kamfani tana da ciki ba, don ta san za a sauke ta ƙasa, tana so ta ƙara wata ɗaya ko biyu. Ta tambaye ni tana kuka, "Gwaggo, ni na kashe shi?" Na ce mata ɓarin watannin farko abu ne da ke samun mata da yawa, har waɗanda ba su taɓa fita ƙofar gida ba, kuma mafi yawansa daga halittar cikin ne tun farko. Ba wanda zai iya rantsewa a kan nata. Amma ban ɓoye mata abin da aka sani ba. Cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta wallafa bincike a 2015 a kan mata masu wannan aiki, aka ga waɗanda suka yi awa 15 ko fiye suna aikin jirgi a lokacin da ya kamata su yi barci, cikin watanni uku na farko, sun fi yin ɓari, haka ma masu ɗaukar nauyi da doguwar tsayuwa. Na faɗa mata ne don cikin da ke gaba, in Allah ya kawo.

Kunnen dama kuma ba ya ji sosai. Ta taɓa tashi da mura mai ƙarfi, da jirgi ya fara sauka ta ji kamar an soka mata tsinke, daga baya ta ga ɗan jini a auduga. Akwai 'yar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke daidaita iska. In mura ta toshe ta, sauka uku ko huɗu a yini ɗaya suna iya ɓarke fatar dodon kunne. Ita kuwa mura ba ta rabuwa da ita lokacin jigila, don duk da cewa iskar jirgi ana tace ta da kyau, mai sunkuyawa a kan fuskar mai tari tana miƙa masa shayi ba matata tsakaninsu. Baya da kafaɗa, waɗannan ta ɗauke su kamar wani ɓangare na rigar aiki. Keken abinci in ya cika yana iya kai kilo 90, ana tura shi a hanya mai gangara in jirgi na hawa. Ta nuna mini tabo a gwiwar hannu, na ranar da iska ta girgiza jirgi ta yi sama ta dawo. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce a rahotonta na 2021, cikin waɗanda suka ji mummunan rauni a irin wannan girgiza, kusan kashi 80 cikin 100 ma'aikatan cikin jirgi ne, don su ne a tsaye lokacin da kowa ya ɗaura bel.

Abin da ya fi ba ta tsoro kuwa shi na fi samun abin kwantar mata da hankali a kansa. An turo mata saƙo a WhatsApp cewa duk mai aikin jirgi sankara ce ƙarshenta. Gaskiyar da ke ciki ita ce, akwai wani haske mai ratsa jiki da ke zuwa daga sararin samaniya, dangin wanda ake hoton ƙirji da shi, kuma iya hawanka sama iya yawansa. Tarayyar Turai tun 1996 ta wajabta wa kamfanonin jirage lissafa abin da ma'aikatansu ke ɗauka, da kare mai ciki. Jami'ar Habad ta Amurka ta wallafa bincike a 2018 a kan ma'aikatan jirgi fiye da 5,000, aka ga sankarar nono da ta fata sun fi yawa a cikinsu, ta nono kashi 3.4 cikin 100 a inda sauran mata ke da 2.3. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa kuma ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, a 2007, ta sake tabbatarwa a 2019. Sai dai hasken nan ba daidai yake a ko'ina ba. Maganaɗisun ƙasa yana kare tsakiyar duniya fiye da ƙuryoyinta, don haka mai zirga-zirga tsakanin Yamai, Abijan da Jidda tana ɗaukar ƙasa da abin da mai ratsa arewacin duniya tsakanin Turai da Amurka ke ɗauka. Na ce mata in tana neman abin tsoro a wannan lissafi, ta fi kusa da aikin daren. Na koya mata duba nononta duk wata bayan al'ada, muka kuma yi alkawarin za ta riƙa zuwa awo.

Jinya a gida

Maganin tsinka jini yana da dokoki, kuma gidan Bahaushe cike yake da masu son taimako. Wanzami dai an ba shi haƙuri da goro, don ƙaho a jikin mai shan wannan ƙwaya jini ne da ba zai tsaya da wuri ba. Na hana a saya mata maganin ciwon jiki wajen masu talla a tire, musamman asfirin da diklofenak. Na hana jiƙe-jiƙen da maƙwabta ke aikowa, ba don na raina su ba, don ban san yadda za su haɗu da ƙwayar ba. Rubutu da tofi kuwa na ce a yi, mahaifinta da kansa yake mata.

Inda muka fi shan gardama shi ne ganye. Irin ƙwayar da aka ba ta, ganyen miya yana rage mata ƙarfi, saboda bitamin K da ke cikinsa. Damina ce, zogale da rama da yakuwa sun cika kasuwa, Iya kuma ta yi imani kwaɗon zogale ne ke mayar da jini. A awon jini na uku sakamakon ya faɗi ƙasa da inda likita ke so. Da muka bincika, kwana biyar a jere ana tura mata kwaɗo kwano guda. Likita bai ce ta daina ba, ya ce ta ci daidai gwargwado kullum, kada yau tuli gobe babu. Iya ta samo ƙaramin kwanon sha ta ce shi ne mudu, da shi aka auna har ƙarshen jinya.

Wani dare aka zo kan batun azumi, don ta ce tana yin sa ko tana aiki, har a tafiyar Umra, inda in jirgi ya nufo yamma rana ke ƙin faɗuwa, azumin ya ƙaru da awanni. Ban sa baki ba. Mahaifinta, wanda almajirai ke ɗaukar karatu a zaurensa, ya karanto mata ayar Baƙara da ta ba matafiyi da mara lafiya izinin ramawa a wasu kwanaki, ya ce, "Allah sauƙi yake nufi da ke. Ke kika ɗora wa kanki abin da bai ɗora miki ba." Ta ce kunya take ji a ga tana shan ruwa gaban fasinjoji. Ya ce ta shiga bayan labule.

Da wata uku suka cika aka sake eko, jijiyar ta buɗe, saura ɗan kumburi da yamma. An tsayar da ƙwayar tsinka jinin. Likita ya rubuta mata cewa ita da duk maganin da ke da estrojin sun rabu har abada, kuma ranar da ta samu ciki ta zo tun makon farko, don ciki da jego suna iya dawo da abin, za ta buƙaci allura. Ya rubuta mata safa mai matse ƙafa ta doguwar tafiya. Ba a samu daidai ita a nan ba, sai wani ɗan'uwa ya sayo a Kano.

Gida ya rabu biyu a kan komawarta. Mijinta yana so ta nemi aikin ƙasa, a kanta ko a ofis, dangin mijin kuma haihuwa suke jira. Uwarta tana so ta zauna, amma ta san wa ke biyan kuɗin makaranta. Ita kanta tana son aikin, kuma ba don kuɗi kaɗai ba. Ta ba ni labarin wata tsohuwa 'yar ƙauyen Mirya da ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba, ta riƙe hannunta tun tashi tana salati, da ta ji an yi mata Hausa irin ta gida sai ta saki jiki har ta yi barci. Ta ce, "Gwaggo, in ba mu, wa zai yi musu magana?" Ni abin da na roƙa uku ne na ce ta ɗauka kamar wasiyya: ta kai wa likitan jiragen sama takardunta duka ba ɓoye ko ɗaya, ta nemi a cire ta daga jigilar dare na shekara guda, ƙannenta kuma a zauna da su a gaya musu nawa ne zai ragu. Ƙanena ya ce na ƙarshen shi zai yi da kansa.

Ta koma Yamai bayan an fara girbin gero. Wannan karon ba ta yi tafiyar a yini ɗaya ba, ta kwana a Maraɗi wajen wata 'yar'uwarmu. Na raka ta tasha da asuba, safar a ƙafarta ƙarƙashin zane, gorar ruwa babba a hannu, na roƙi yaron mota ya ba ta kujerar gefen hanya, ya kuma kwashe kayan gabanta. Ta kira ni daga Tasawa ta ce ta sauka ta taka, ta sha rabin gorar. Likitan jiragen ya karɓi takardun, ya ba ta aikin ƙasa na wata 6, ya ce bayan nan ta dawo ya sake dubawa. Yanzu tana cikin wata na biyu.